Ranar da Na Ce wa Goggo Ta Fita

A gidanmu ba a ce wa Goggo a'a. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka muka taso muka tarar. Ita ce babbar yayar mahaifina, ita ta goya shi, kuma tun da mijinta ya zama babba a wata ma'aikatar tarayya suka tare a Maitama, duk ɗan dangin da ya shigo Abuja a gidanta yake fara ajiye jaka. Ni ma da na gama bautar ƙasa can na sauka. Ta ba ni ɗaki, ta ɗinka mini kayan fita, ta ɗaga waya sau ɗaya na samu aikin likita a wani asibitin kuɗi da ke Wuse. Mace ce mai hannun kyauta, mai faɗa, mai son a san ta yi. In ta ba ki atamfa, tana so ta gan ta a jikinki kafin wata ya mutu. Ina ƙaunarta kuma ina tsoronta, har yau ban iya raba biyun ba.

Mai dafa abincin gidan wata mata ce 'yar Filato, kowa Mama yake ce mata, har shi Alhaji, mijin Goggo. Ta daɗe a kicin ɗin nan har 'ya'yan Goggo ba sa ganin miyar kowa da daraja sai tata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara a Karu, suna makaranta, ƙanwarta na kula da su. Asabar da yamma take bin motar Karu ta tafi gida, ta je cocinta ranar Lahadi, Litinin tun kafin gosulon motoci ya haɗu a hanya ta dawo. Ci da sha, haya, makarantar yara, duk daga tukunyar Goggo suke fitowa. Lokacin da nake gidan, in na dawo daga aiki a jigace, ita ke ɓoye mini nama a ƙasan kula don kada samarin gidan su riga ni. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. "Anti, kai bai ci komai ba tun safe. Zauna."

Na riga na yi aure na koma gidana lokacin da abin ya faru. Babbar 'yar Goggo ce ta haihu, za ta zo gida wankan jego da jikan fari. Goggo ta tayar da gidan tsaye. Aka sake fenti, aka canza labule, aka yi feshin sauro har kyanwar gidan ta yi hijira. Da aka gama da bango da labule, sai ta tuna da masu aiki.

Akwai wata al'ada a manyan gidajen Abuja da ban san ta a garinmu ba. In za a ɗauki mai aiki, ko jariri zai shigo gida, sai a kwashi kowa a mota a kai asibiti a ce a duba su. Direba, mai gadi, mai ban ruwan fulawa, mai girki. A ɗebi jininsu, a ɗauki hoton ƙirjinsu, sannan uwar gida ta zauna a falo a kira ta a waya a karanto mata sakamakon kowa kamar ana karanto mata farashin cefane. Su masu jinin su ne na ƙarshen ji. Wani ma ba ya ji sam, sai dai ya ga an ce ya ɗaure kayansa.

Da Goggo ta ce za ta turo mini su, na gaya mata tun a tsaye.

"Goggo, zan duba su. Amma sakamakon kowa nasa ne, shi zan gaya wa. Ke abin da za ki ji daga gare ni, in sun yarda, shi ne ko mutum zai iya aikinsa ko ba zai iya ba."

Ta kalle ni ta saman gilashinta ta yi dariya. "To, uwar iyayi. Yi yadda aka koya miki."

Ita a wurinta yarinya ce ta yi ɗan iyayinta aka biye mata. Ni kuwa da gaske nake. Tun muna makaranta ake dasa mana wannan a ka, muka yi rantsuwa a kai ranar da aka yaye mu, dokar ƙasa ma ta faɗa: abin da majinyaci ya gaya maka, ko abin da jininsa ya gaya maka, amana ce. Ba ka fitar da shi sai da yardarsa, ko kotu ta ce ka fitar, ko kuwa in shirunka zai jefa wani cikin haɗari. Wanda ya biya kuɗin gwaji ba ya cikin wannan. Miji ba ya ciki, mai gida ba ya ciki, balle goggon likita. In ka karya, hukumar da ta ba ka lasisi tana iya karɓe abinta. A cikin aji maganar ba ta da wuya. Wuyarta sai ka fito cikin mutanenmu, inda ciwon mutum ɗaya na dangi ne gaba ɗaya, inda in ka je dubiya ba ka ce "me likita ya ce?" ba sai a ce ba ka damu ba.

Suka zo da safe, direban ya kawo kansa ya kawo sauran. Sakamakon mazan bai shafi labarin nan ba. A na Mama na ga abu.

Ku ma ba zan gaya muku ko mene ne ba. Ta yarje mini in ba da labarin, ba ta yarje mini in faɗi sunan cutar ba, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, ba ta bin abinci, ba ta bin cokali ko kofi, ba ta bin numfashi, ɗaukar jariri ba ya sa masa ita. Ana shan magani a zauna da ita shekara da shekaru. Sai dai tana cikin cututtukan nan da sunansu ya fi su ɓarna.

Na sa ta dawo ita kaɗai, na rufe ƙofa, na yi mata bayani a hankali. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe bakin zanenta tana murzawa har na kai aya. Na zaci za ta tambaye ni ko za ta mutu, don yawancin mutane da nan suke farawa.

"Madam zai sani?" ta ce.

"Ba daga bakina ba."

"Likita, kai ɗan gida ne fa."

"A Maitama ni 'yar gida ce. A ɗakin nan likitarki ce ni, Mama."

Ta san Goggo kamar yadda na san ta, matar da in baƙo ya yi tari a falo, yana fita take sa a wanke kofinsa da tafasasshen ruwa. Na tura Mama wani asibitin gwamnati kusa da Karu inda za ta riƙa karɓar magani ba tare da ta riƙa zirga-zirga wurinmu ba. Na nemi izininta, na nemi na mazan, sannan na kira Goggo na ce dukkansu za su iya aikinsu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma zancen kanwar kunun mai jego. Na ɗauka an wuce wurin.

Abin da ya fi ba ni wahala a makonnin da suka biyo baya shi ne gaisuwa. Bahaushe in ya san ba ka da lafiya, bakinsa da kansa yake cewa "ya jiki?" Rashin faɗa rashin tarbiyya ne. To ni duk shigar da zan yi gidan ganin jariri sai na leƙa kicin, in ji kalmar ta taso mini har maƙoshi, in haɗiye ta in ce, "Mama, ya aiki?" Ita ma ta ce, "Aiki da godiya," ba ta ɗaga kai. Na tsare bakina ta ko'ina. Abin da ban yi tunanin tsarewa ba shi ne godiyarta.

Wata Litinin da la'asar na tashi daga aiki na biya gidan, na shiga ta ƙofar baya. Mama ta tare ni a lungun da ke tsakanin kicin da falo, ta janyo wata babbar leda daga bayan ƙofa. Acca ce, wankakkiya, irin wadda ake aiko mata daga garinsu. Kafin in ce wani abu ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, matar da ta kusa haihuwata.

"Likita, na gode. Na je wurin, sun karɓe ni da kyau. Allah ya sa maka albarka. Allah ya ba ka yara masu jin magana."

"Mama, tashi. Don Allah tashi," ina raɗa ina jan hannunta.

Ba ta yi laifi ba. A al'adarsu da tamu duka, wanda ya rufa maka asiri ba ka zuwa masa hannu rabbana, kuma ba ka gode masa a tsaye. Amma da na ɗaga kai sai ga Goggo a can ƙarshen lungun, da jariri a kafaɗa. Ba ta ji abin da aka ce ba, ta yi nisa. Ta dai ga gwiwa a ƙasa, ta ga leda.

"In kin gama ki same ni a ɗaki," ta ce, ta juya.

Na same ta zaune a bakin gado.

"Rufe ƙofar." Na rufe. "Direba ya kawo miki acca?"

"A'a, Goggo."

"Mai gadi ya durƙusa miki?"

Na girgiza kai.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ba a durƙusa wa likita don ya ce lafiyarka lau. Me ke damunta?"

"Goggo, na gaya miki za ta iya aikinta."

"Ban tambaye ki aikinta ba."

"Abin da ke tsakanina da wanda na duba ba na faɗa. Ko ita ce, ko direba, ko ke."

"Ni na tura ta. Ni na biya."

"Kin biya a duba ta, kuma an duba ta."

Ta kwantar da jaririn a hankali ta gyara masa zane. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan a ce tsawa ta daka mini.

"Kalli yaron nan. Jininki ne. Matar nan ita ke dama wa uwarsa kunu, ita ke tafasa ruwan wankansa. In wani abu ya same shi, dokar taki ce za ta zo ta yi mini jaje?"

"Wallahi Goggo, da akwai abin da zai taɓa shi a gidan nan da ban yi shiru ba. Dokar ma ba ta ce in yi shiru a kan irin wannan ba. Ki yarda da ni."

"Ke ba ki yarda da ni ba, ni ce zan yarda da ke? Ubanki a bayan nan ya yi fitsari. Yau 'yarsa ce ke ɓoye mini abin da ke cikin gidana saboda bare."

Maganar ta yi mini zafi, ta kuma ba ni haushi. Matar da ta yaye mata 'ya'ya da tuwonta ce yau ta zama bare. Amma ba a mayar wa Goggo magana. Na durƙusa na ce ta yi haƙuri. Ta ce in ɗauki accata in ba ta wuri.

Goggo ba ta kori Mama ba, ta yi abin da ya fi kora ciwo. Da farko ta hana ta dama kunu. Sannan ta ce kada ta ƙara taɓa kayan jariri. Kafin mako ya zagayo an fara sayo abincin Alhaji daga wani gidan abinci a Wuse, direba ya kawo a leda. Mama ta wuni zaune a kicin, tukwane a kife, tana goge murhun da ba a dafa komai a kai ba. Mai jegon ce ke ba ni labari a waya, kuma ita ma kowace waya da roƙo take ƙarewa: "'Yar'uwa, ni kaɗai ki gaya wa, wallahi ba zai wuce ni ba." Nakan ce ta shayar da ɗanta ta bar zancen.

Sai mahaifina ya kira daga gida. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Yaya ta kira ni ranta a ɓace. Me ya yi zafi haka?"

Na yi masa bayani iya abin da zan iya.

"Amana ce, na ji," ya ce. "Amma ita ma uwa ce a wurinki. Ki nemi hanyar da ba za ki saɓa wa Allah ba, ba za ki saɓa mata ba."

Na ce to. Na ajiye wayar ina tunanin ina wannan hanya take, don ni dai ban gan ta ba.

Mai asibitinmu ma bai tsira ba. Dattijon likita ne, abokin Alhaji, iyalin Goggo sun daɗe suna zuwa wurinsa. Ya kira ni ofis ya zuba mini shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ba cewa nake ki karya doka ba, 'yata. Na riga ki sanin dokar. Amma akwai yadda ake magana. Ki yi mata hannunka mai sanda, ta fahimta, ke kuma ba ki faɗi komai ba."

"Oga, in ta fahimta ai na faɗa ke nan."

Ya ce ƙuruciya ke ɗibata, Abuja ba a zaman ta da taurin kai. Na ce in yana ganin ya halatta, asibitinsa ne, ga waya nan a gabansa, ya kira Hajiya da kansa. Ya tsura wa kofin shayinsa ido. Bai kira ba, kuma bai ƙara yi mini maganar ba. Wannan kam zan faɗa masa.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Duk ƙarar waya gabana sai ya faɗi. Ina jin haushin Goggo, ina jin haushin dokar, har accar na ji haushi, tana nan a kicin ɗina na kasa dafawa.

Wata Laraba da hantsi, marasa lafiya sun cika baranda, nas ta leƙo ta ce, "Likita, Hajiyarku ce." Kafin ta rufe baki Goggo ta shigo, Mama na bin ta a baya. Goggo ta zauna a kujerar majinyaci ta ɗora jaka a cinya. Mama ta tsaya a jikin bango.

"Kin ce sai da yardarta, ko ba haka ba?" in ji Goggo. "To ga ta na kawo miki." Ta waiwaya. "Mama, gaya mata."

Mama ba ta ɗaga ido ba. "Likita, gaya wa Madam. Na yarda."

Goggo ta harɗe hannu tana jira. Wallahi ta yi dabara, ko a lokacin sai da na yaba mata a raina. Ta bi dokar har ƙofarta ta ƙwanƙwasa. Kuma ga hanyar da mahaifina ya ce in nema an shimfiɗa mini ita: in buɗe baki in faɗi kalma ɗaya, majinyaciya ta yarda a gaban shaida, Goggo ta huce, in koma 'yar gida. Na so in bi ta, ba zan ɓoye ba. Amma na kalli Mama, na ga maganar ta fito kamar karatun da aka biya mata a mota. Yardar da mutum ya bayar mai biyansa albashi na zaune yana kallon bakinsa ba yarda ba ce. Wannan ma an koya mana: in ka ga alamar tilas, sai ka ji daga bakin majinyaci shi kaɗai.

Shi kaɗai, wato Goggo ta fita ke nan.

A tarbiyyarmu yaro ne ke fita in manya za su yi magana. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba, a ce 'ya ta ce wa yayar ubanta ta ba ta wuri. Na miƙe, na zagayo teburin, na rusuna a gabanta, don in maganar za ta fito gara ta fito daga ƙasa.

"Goggo, don girman Allah ki ɗan jira mu a waje. Sai na ji daga bakinta ita kaɗai."

"Me kika ce?"

"Ki ɗan ba mu wuri, Goggo."



"Ni kike kora?"

"Ba kora ba ce."

"A asibitin da na sa aka ɗauke ki?"

"Eh, Goggo. Ki yi haƙuri."

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, har na saki kumatuna. Sai ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita. Ba ta buga ƙofar ba, a hankali ta ja ta.

Na koma kujerata. Na ce wa Mama ta zauna, ta zauna a bakin kujerar kamar za ta ƙone ta. Na gaya mata zaɓi nata ne. In ta ce in faɗa, zan zaunar da Goggo in yi mata bayani dalla-dalla cewa babu haɗari ga kowa, zan tsaya mata iya ƙarfina. In ta ce a'a, a'a ce, amma ba zan iya yi mata alkawarin aikin ba.

"Likita, in ka faɗa, Madam zai bar ni in dafa?"

Na so in ce eh. "Ban sani ba, Mama. Zan yi ƙoƙari. Amma ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. "Madam ba mugu ba ne. Zai yi kuka ma. Zai ba ni kaya, zai ce Allah ya sauwaƙe. Amma ba zai ci abincina ba kuma. Aikin nan ya riga ya tafi tun ranar kunu." Ta share ido da bayan hannu. "Amma Madam yana da ƙawaye. Duk gidan da na je neman aiki, Maitama, Asokoro, za su kira shi su tambaya. In ya san sunan ciwon ba zai iya riƙewa ba. Zai faɗa don ya taimake su. Shi ke nan, ba wanda zai ba ni tukunya a garin nan. Yarana fa, likita?"

"To me kike so in yi?"

"Kar ka faɗa. Abeg."

Na sake tambayarta, ta sake faɗa, wannan karon tana kallon idona. Sannan ta kwance makullin sito daga bakin zanenta ta damƙe a hannu.

Na buɗe ƙofa. Goggo ba ta zauna ba. Tana tsaye a baranda cikin marasa lafiya, ita da ko a banki ba ta bin layi, mutane na satar kallonta.

"Goggo, ta ce a'a."

Ba ta ko kalle ni ba, Mama ta kalla. Mama ta durƙusa a wurin, a gaban kowa, ta miƙa makullin da hannu biyu.

"Madam, na gode da zama. Ka yafe mini."

Na ga wani abu a fuskar Goggo da ban taɓa gani ba. Ba fushi ba ne, ciwo ne.

"Kin gwammace ki bar gidana a kan ki gaya mini?"

"Ka yi haƙuri, Madam."

Goggo ta karɓi makullin ta jefa a jaka, ta wuce mota. Mama ta karkaɗe gwiwarta, ta fita ta ƙaramin get ta tsaya a bakin titi tana tare tasi. Ni na koma ciki na kira majinyaci na gaba.

Daga ranar Goggo ta daina ɗaukar wayata. Aka yi arba'in ɗin mai jego ba a gaya mini ba. In na je gaisuwa sai a ce tana barci, in zauna a falo in sha ruwa in tafi. Wannan na iya ɗauka, don na san ni na ja. Abin da na kasa ɗauka shi ne Mama. Tana Karu ba aiki, ta kafa kaskon ƙosai a bakin hanya, mai abincin da manyan Abuja ke lashe hannu in sun ci. In na kira ta sai ta ce, "Muna lafiya, likita, Allah yana nan." Na bi doka daga farko har ƙarshe, ban kauce ko taku ɗaya ba, mace kuma ta rasa aikinta. Wannan ya zauna mini a ƙirji ya ƙi sauka.

Bayan wasu watanni, ina cin abincin rana a tsaye tsakanin majinyaci da majinyaci, wayata ta yi ƙara. Goggo ce. Na ajiye cokalin na yi sallama har da rusunawa, kamar tana ganina. Ta amsa a taƙaice.

"Wata ƙawata a Asokoro ta kira ni," ta ce. "Mama ta je neman aiki wurinta. Tana tambayata me ya raba mu."

Na dafa teburin.

"Me kika ce mata, Goggo?"

"Me zan ce? Kin ba ni abin faɗa ne?" Na ji ta ja numfashi. "Ta ce ko an taɓa duba ta. Na ce an duba, likita ba ta hana ta aiki ba. Na ce ta iya miya, ba ta ɗauke-ɗauke, sai dai taurin kai kamar wata da na sani."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Ta ɗauke ta. Ranar Litinin za ta fara."

Kafin in ce na gode ta kashe wayar.